Kurakuran adana lokaci zuwa milisakan a rumbun bayanai

Duk mai haɗa wa 'yan Kantin Kwari ko masu POS manhaja ya san ciniki biyu kan shiga a daƙiƙa guda. Idan rumbunka daƙiƙa kaɗai yake riƙewa, ban da milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), ranar da gardama ta tashi kan wane kuɗi ya riga shiga, ba ka da hujja.

A MySQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, ana faɗawa wannan rami. Mutum zai rubuta NOW(3), umarnin da ke ba da lokacin yanzu har milisakan, ya ga 14:05:09.482, ya yi murna, amma gurbin da ke teburin DATETIME ne zalla, wanda ba ya riƙe abin da ya gaza daƙiƙa. Sai a mayar da shi DATETIME(3), tsarin da ya zo tun 5.6.4. Kuma MySQL ba yanke ragowar yake yi ba, cikewa yake yi: 09.700 zai koma 10. Gyaran gurbin ba zai dawo da abin da tsofaffin layuka suka rasa ba.

Ramin SQL Server ya fi wayo, don za ka ga lambobi uku ka ɗauka komai lafiya. Duba na ƙarshe da kyau: 0 ne ko 3 ko 7. Nau'in datetime ke nan. Idan ka ba shi 23:59:59.999 a matsayin ƙarshen yini, sai ya tura shi ƙarfe sha biyun dare, cinikin gobe ya faɗo lissafin yau. Maganinsa datetime2(3) tare da SYSDATETIME(), a daina amfani da GETDATE(). Ni dai a ganina, a daina wannan .999 ɗin gaba ɗaya, a ce "ƙasa da farkon gobe" kawai.

PostgreSQL yana riƙe har lambobi shida, sai dai now() lokacin da aka buɗe mu'amalar (transaction, jerin umarnin da ake aiwatarwa a dunƙule) yake bayarwa, don haka layuka ɗari a mu'amala guda lokacinsu ɗaya. Ana son lokacin kowanne? clock_timestamp(). A SQLite kuwa CURRENT_TIMESTAMP daƙiƙa yake tsayawa, sai a nemi strftime da %f.

Wani lokacin rumbun ba shi da laifi, manhajar da ke nuna lokacin ce ke ɓoye lambobin, don haka a fara tambayar rumbun kai tsaye. A kuma adana da UTC, wato agogon duniya na bai-ɗaya, a ƙara awa ɗaya ta agogon Najeriya wajen nunawa.