Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tura wa Mutane Waƙa a Lokacin Bazara

Daga Maris zuwa farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka, zafi kan hana mutanen Zariya barcin wuri. Ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko a ƙofar gida, kowa da wayarsa, nan ne ake yawan jin "ka ji wannan kuwa?" Sai dai yawancin waƙoƙin da ake turawa ba a saurarensu, kuma sau da yawa laifin mai turawa ne.

Na farko shi ne tura waƙa ba suna. Ta iso WhatsApp da lambobi da haruffa kawai, bayan mako guda ta nitse cikin ɗaruruwan irinta. Kafin ka tura, shiga ma'ajiyar wayar ka sauya sunan: mawaƙi, sunan waƙar, da ƙasarsa in baƙo ne. Ka kuma tabbatar da mai ita, domin a shagunan caji da tura waƙa na Samaru da Sabon Gari, akan jibga tsofaffin waƙoƙi wuri guda a kira su duka "Shata". Kayan kiɗa ne ke warware wannan. Mamman Shata da kalangu yake waƙa, da 'yan amshi. Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo makaɗan kotso ne. In ka ji kuntigi da murya guda ba amshi, wajen Ɗan Maraya Jos za ka nufa. Gurmi kuwa ka fara tunanin Haruna Uji, ƙwarya da amshin mata kuma Barmani Coge.

Wani kuskuren, mutum ya kunna waƙa a sifika ya naɗe ta da saƙon murya. An ƙera saƙon murya don magana, yana matse sauti, ƙarfin ganga ya ɓace, ga ƙarar fanka da janareta sun shiga ciki. Tura ainihin fayil ɗin a matsayin takarda (wato "Document" a WhatsApp), ko ta Xender in kuna zaune tare.

Sai zuba wa mutum waƙa arba'in a dare ɗaya. MP3 mai 128 kbps (ma'aunin ingancin sauti ke nan) tana cin kusan MB 1 a minti, mai 320 kbps kuma kusan MB 2.4. Waƙa arba'in masu minti biyar-biyar ke nan MB 200 ko 480, ga ɗalibin harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello mai tattalin data. Ba zai buɗe ko ɗaya ba. Uku sun isa, kuma ga tsohon kaset da aka juye, 128 ta wadatar, tunda babu wani tsabtar sauti da za a ƙara masa.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen waƙar ƙetare. Mutum ya gano wani mawaƙi ya birge shi, sai ya jefa wa abokinsa ba bayani, shi kuma ya ji daƙiƙa goma ya kashe. Fara daga abin da kunnensa ya sani. Mai son gurmi ba zai yi baƙunta da jitar Ali Farka Touré na Mali ba, daga nan ka kai shi ga Tinariwen, ƙungiyar makaɗan Abzinawa, sannan Bombino na Agadas. Kiɗan Sudan irin na Muhammad Wardi ma yana saurin kama kunnen Bahaushe, saboda tsaninsa mai amo biyar ne kamar yawancin namu. Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, sai da gargaɗi: waƙarta guda kan kai minti arba'in ko fiye, kuma makaɗa kan daɗe suna kiɗa kafin ta buɗe baki. In ba ka faɗa ba, za a ɗauka babu murya a ciki. Rubuta layi biyu: daga ina, da wane harshe, a kan me, da minti na nawa ya kamata a kasa kunne. Ka kuma faɗi lokacin da ta dace. Wadda za ta yi daɗi bayan isha'i a kan tabarma, takura ce da azahar a cikin Keke Napep.

Kada ka tura waƙar da ba ka ji har ƙarshe ba, musamman a zauren dangi mai su Baba da Gwaggo. Amada da wasu waƙoƙin maza na da baitocin da ba a ji gaban surukai, waƙar fada da ta siyasa kuma akwai zambo, ba ka san wa zai shafa ba. In azumi ya faɗo a bazara, a bar wa mutane kunnuwansu, ko a tambaya tukuna.

Zafin kansa yana ɓarna. Masu ƙera waya kan ce kada a yi aiki da ita a zafin da ya wuce digiri 35, ranar Afrilu a Zariya kuwa takan haura haka. Kunna waƙa ana caji, wayar na ƙarƙashin matashi ko kan gaban mota, yana gajiyar da batir har ya kumbura. Sauke waƙoƙin da dare a Audiomack ko Boomplay, ka saurare su ba intanet, wayar na inuwa.

Memori mai arha fiye da kima kuma a yi hattara. Na jabu kan nuna GB 32 alhali cikinsa bai kai haka ba, in ya cika sai waƙoƙi su fara ƙin buɗewa. Cika shi tun ranar da ka saya, ka kunna na farko da na tsakiya da na ƙarshe, kuma kada ka goge na cikin wayar sai duk sun yi.