Darasi na Bakwai: Abin da Wurin Kisa Yake Nunawa Game da Wanda Ya Yi Kisan

Duk wanda ya shiga wani wuri ya aikata ta'asa sai ya bar wani abu nasa a can, ya kuma fita da wani abu na wurin a jikinsa, ko da zare ne ko ƙura ko ɗigon jini. A kan wannan ƙa'ida wani masani Bafaranshe, Edmond Locard, ya gina aikinsa bayan ya buɗe ɗakin binciken kimiyya na 'yan sanda a birnin Lyon a 1910. Sai dai ba zare da ƙura kaɗai mai kisa yake bari ba, domin yadda ya gudanar da aikin yana nuna wani abu na halinsa da nufinsa.

Mai bincike yakan fara da raba abubuwa gida biyu: abin da ya zama dole mai laifin ya yi don aikinsa ya yiwu, da abin da ya yi alhali ba ya bukatarsa. Idan ya zo da makami da igiya kuma ya tafi da su, alama ce ta shiri. Idan kuwa abin da ya tarar a ɗakin ya rarumo, mai yiwuwa faɗa ne ya ɓarke nan take. Ƙofar da ba a ɓalle ba takan sa a yi tunanin cewa mamacin ne ya buɗe ta ga wanda ya sani. Amma kashi na biyu ya fi buɗe zuciyar mutum, saboda wanda ya ci gaba da suka bayan rai ya riga ya fita ba kisa kawai yake nema ba, akwai fushi ko ƙiyayya da yake sauke wa gawar. Haka nan wanda ya lulluɓe fuskar mamaci kafin ya gudu, sau da yawa kunya ce ko nadama ta kama shi, abin da kan jawo hankalin masu bincike zuwa ga makusanta.

A kula ƙwarai, wurin kisa yana iya yin ƙarya. Wani yakan watsar da kaya don a ce ɓarayi ne, amma ya manta ya bar kuɗi da waya a fili. Gawa kuwa tana tona irin wannan asiri, domin bayan zuciya ta tsaya jini yakan gangaro ya taru a sashen jikin da yake ƙasa, ya kafe a nan cikin awa 8 zuwa 12. Idan aka tarar da gawa a rigingine amma tabon jinin yana a ƙirji da ciki, to an juya ta ko an ɗauko ta daga wani wuri.

Hukumar FBI ta Amurka ta kafa sashen nazarin halayyar masu laifi a 1972, kuma jami'anta John Douglas da Robert Ressler sun tattauna da masu kisa 36 a gidajen yari, inda aka raba su zuwa masu tsari da marasa tsari. A 2004 David Canter, wani masanin halayyar ɗan adam na Ingila, ya duba kisan kai 100, ya gano cewa yawancinsu sun haɗa alamomin kashi biyun. Wannan ya isa ya sa mu yi hattara. Bayan kisan Rachel Nickell a Landan a 1992, 'yan sanda sun tsare wani mutum fiye da shekara guda saboda halinsa ya yi kama da halin mai kisan da aka siffanta musu, kotu ta sallame shi a 1994, sai a 2008 wani mutum dabam, Robert Napper, ya amsa laifin bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna shi. Karanta hali yana nuna inda za a duba ne kawai, bai kai matsayin shaidar da za a ɗaure mutum da ita ba.

Idan kai ne ka fara isa irin wannan wuri kuma ka tabbata babu mai rai da za a ceta, kada ka taɓa komai, kada ka rufe gawar ko ka gyara mata kwanciya, domin mai bincike zai iya ɗaukar aikinka a matsayin na mai kisan. Ka fita ta inda ka shigo, ka kira 'yan sanda, ka faɗa musu duk abin da hannunka ya taɓa.