Mazauna Ingila, kafin a hau muku bishiya

Salamu alaikum 'yan'uwa.

Kafin mai saran bishiya ya ɗora tsani, ku ce ya turo hoton takardar inshorarsa. Sai ku kira kamfanin inshorar da kanku, da lambar da ke shafinsu na intanet, ba wadda ya ba ku ba.

Ku tambaya: tana aiki har yau? Ta haɗa da hawa sama da injin yanka?

Ta biyun nan ce ke cin mutane. Masu gyaran lambu da yawa, inshorarsu ta ciyawa da shinge ce, tana da iyakar tsayi. Wanda na ɗauka bara, reshe ya kufce masa ya fasa rufin rumfar maƙwabciyata. Tsohuwa ce, ta fito jikinta na rawa. Kamfanin ya ce ba ruwansa. Ni na biya, don haƙƙin maƙwabtaka.

In mai saran yana da ma'aikata, doka ta wajabta masa inshorarsu, aƙalla ta fam miliyan 5.

Amma fa takardar ba za ta cece ku ba in bishiyar tana cikin waɗanda ƙaramar hukuma ta kare. Wannan sai da izini, in ba haka ba tara ce.