"Da sauƙi" ba amsar takarda ba ce

Wata uku ke nan ina kallon wani ƙanenmu da ya sauka Manchester yana bin sawun kuskurena. Idan ka zo Ingila da rauni a kai, na hatsarin mota ko na dukan 'yan bindiga, ga firgita da mugun mafarki, zauna ka ji.

Rajista da likitan unguwa, GP, ba wuya. Kyauta ce, ba dole sai da takardar zama ba, tafinta ma ba ka biya. Don firgitar, wadda suke kira PTSD, kai da kanka za ka iya kai sunanka NHS Talking Therapies, sashen hukumar lafiyarsu da ke maganin damuwa ta hanyar tattaunawa. Ƙungiyar Headway kuma ta masu raunin ƙwaƙwalwa ce.

Inda na ji jiki shi ne takardar PIP, kuɗin tallafin masu lalura. Fara duba bizarka: in an hana ka kuɗin gwamnati, kada ma ka taɓa. Wanda aka ba mafaka yana da dama. Takardar tana tambaya ko kana iya girki, wanka, shan magani, fita kai kaɗai. Ni da kunyata ta Bahaushe na bi layi-layi ina cewa ina iyawa, alhamdu lillahi. Ranar tantancewa matar da ke tantance ni ta ce yaya jiki, na ce da sauƙi, ta rubuta. Ban gaya mata sau biyu na manta tukunya a wuta har ƙararrawar hayaƙi ta tayar da maƙwabta ba. Ban ce daren 5 ga Nuwamba, da suke wasan wutarsu, a banɗaki na kwana ina makyarkyata ba. Maki sifili na samu.

Wata ɗaya ake ba ka ka nemi a sake duba hukuncin. Wata Hajiya cikin jama'armu, Allah ya saka mata, ita ta sa uwargida ta riƙa rubuta abin da take gani kullum a littafi, da kwanan wata, muka haɗa da wasiƙar likita muka kai Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara, suka tsara mana.

Wajen kawo tuwo da rakiya asibiti mutanenmu ba su da na biyu. Amma sai sabon zuwa ya ce maka aljanu ne, ruƙiyya ta isa. Yi ruƙiyyarka, ɗan'uwa, ranar Litinin kuma ka kira GP ƙarfe takwas, kafin layi ya cika.