Kafin ka ɗaga Hilux ɗinka, fara da taya

Duk mai Hilux da ke shiga ƙauyuka, damina na kamawa sai ka ji yana cewa a ɗaga masa mota. Ɗagawar ba laifi ba ce fa, matsalar ita ce mutane ta baya suke farowa, mutum ya shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ya kwaso dogayen sifirin a ɗaura masa, bayan wata biyu shaft na gaba, wato sandar da ke juya taya, ya fara ƙas-ƙas a kwana ya koma yana zagin bakanike. Ni dai a ganina taya ake fara zaɓa, sai a duba nauyin da motar ke ɗauka kullum, tsayi shi ne na ƙarshe.

Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar za ka gane dalili. Abin da ke fara dukan ƙasa shi ne tulun aksul na baya, kuma ko inci goma ka ɗaga mota wannan tulun yana nan inda yake, taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Hilux da yawa suna zuwa da 265/65R17, wato faɗinta milimita 265, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim kuma inci 17. In ka koma 265/70R17 tulun zai tashi da kamar milimita 13, ga shi gefen taya ya ƙara tsayi yana shanye duka, kuma galibi tana shiga ba sai an yanka komai ba. Ita 285/70R17 da samari ke so saboda kyan gani, wannan kam sai ta goga bodi in ka karya sitiyari har ƙarshe, ta ƙara shan mai, mota ta yi nauyi a tashi, birki ma ya rage kamu. Sannan ka sani in taya ta ƙara girma agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi.

Wace iri kuma? In rabin tafiyarka kwalta ce rabi burji, ɗauki mai AT a jiki, wato ta kowace irin hanya, irin su BFGoodrich KO2 ko Bridgestone Dueler A/T. Mai MT, mai manyan haƙoran nan, ta taɓo ce, a fadama babu kamarta amma a titi sai gurnani kamar injin niƙa, kuma a yashi haƙa rami take yi ta binne ka. Nemi mai LT a jiki, wato ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, saboda ta fi kauri, ƙaya da duwatsu ba sa saurin huda ta. Don Allah in 'yar Beljiyam za ka saya duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a gefen tayar, in ka ga 2321 to sati na 23 ne na shekarar 2021, duk wadda ta haura shekara shida ka bar musu abarsu ko da haƙoranta na nan garau. Safaya ma ta zama saiz ɗaya da sauran.

Yanzu maganar ƙafa. Hilux daga ƙirar 2005 zuwa yau ƙafarta ta gaba kowace a ware take, shoka a cikin sifirin mai naɗi, baya kuma sifirin mai falle-falle. Irin wannan ƙafar inci 2 ya ishe ta, milimita 50 kenan. Da zarar ka wuce haka shaft zai karkace sosai, robarsa ta yage, bol joyin na sama ya ƙure, alaimen ya ƙi zama sai ka sayi wani hannun sama na musamman, kuɗi dai na ta fita. Land Cruiser 79 da ake keta sahara da ita ta Agadez ita aksul ɗinta na gaba da na baya kowane sanda guda ce da ta haɗa tayoyin biyu, ta fi jure ɗagawa, kar ka kwatanta taka da ita. Kuma duk tsayin da ka ƙara, saurin kifewa a kwana ka ƙara, balle an lafta kaya a sama.

Sifirin na baya da lodi ake zaɓarsa. Kamfanoni irin Old Man Emu da Ironman na Ostireliya suna rubuta nauyin da kowanne ke ɗauka, in kullum buhuna ko jarkoki ne a baya ɗauki mai ƙarfi, in kuwa yawanci wayam kake yawo ka saka mai ƙarfin to bayanka zai gaya maka. Ƙarin falle ɗaya da ake yi a gareji yana ɗan taimakawa, amma in sifirin ya riga ya kwanta ɓata kuɗi ne kawai.

Shoka ba ita ke ɗauke da mota ba, aikinta hana ta rawa bayan ta faɗa rami. A doguwar gargada man da ke cikinta zafi yake yi ya yi kumfa, sai ka ji mota ta fara lilo, shi ya sa mai gas kuma mai kaurin jiki ta fi, irin Bilstein. Tsawonta dole ya dace da ɗagawar, kar ka bar tsohuwar a kan sabon sifirin, kuma bibbiyu ake canzawa, hagu da dama. Jabu sun cika kasuwa, in ka ji farashin ya yi daɗi da yawa ka ajiye.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wajen. Ce wa oga kar ya ɗaure notin bushin tamau sai an sauke motar ta zauna kan tayoyinta, in ba haka ba robar murɗewa za ta yi ta fashe da wuri. A duba tiyon birki bai miƙe ba in ƙafa ta sauka har ƙasa, daga nan kai tsaye wajen alaimen, a saita fitila ma don ta daina kashe wa mutane ido. Bayan kilomita 500 ka koma a sake ɗaure notin da ke riƙe sifirin na baya, suna saki.

Iskar taya kuma kyauta ce amma ta fi rabin abin da ka saya aiki. A yashi mai laushi rage ta zuwa 16 ko 18 a geji (ma'aunin PSI), a burji 25 zuwa 28, ka rage gudu kar ka yi kwanar bazata taya ta fita daga rim. Kana hawa kwalta ka mayar da ita yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba, don haka sayi ƙaramin famfo mai jona batir ka ajiye bayan kujera, cikin daji ba lallai ka samu mai faci ba.