Yadda ake amfani da madubi wajen gyaran idon sawu mai yawan gurɗewa

Mutum ya yi targaɗe, kumburi ya saɓe, ya koma filin ƙwallo. Bayan wata biyu ya taka ɗan dutse, ƙafar ta sake gurɗewa. Ba sakin jijiyar gefen waje ba ne kawai matsalar. Ƙafar ce ta daina sanar da ƙwaƙwalwa yadda take zaune a ƙasa, shi ya sa mai ita yakan ɗora nauyi a ɓangaren ƙaramin yatsa bai sani ba. Sai an samu abin da zai riƙa nuna masa kuskuren daga waje kafin jiki ya koyi ganewa da kansa.

Fara da dogon madubi. Manna salatif a tsaye a tsakiyarsa, ka cire takalmi, ka tsaya da ƙafar mai ciwon ita kaɗai daƙiƙa 30, sau uku, bango na kusa da hannunka. Gwiwa ta hau layin salatif, ƙugu kada ya karkace. Ni ba na ce wa kowa "matse tsoka". Ina cewa "kada gwiwa ta bar layi". Hankali a kan layi ya fi hankali a kan ƙafa aiki.

Sai takarda. Sa ta ƙarƙashin gindin babban yatsa, wani ya riƙa ja a hankali. In ta zare, ka koma gefen waje ke nan. Akwai na'urorin da ake sawa cikin takalmi su yi ƙara in an taka ba daidai ba, amma kuɗinsu ba na wasa ba ne, takarda kuwa ko ta tsohon littafi ta isa.

Inda na fi ganin ana faɗuwa shi ne janye madubin. Na taɓa barin wani matashi mako uku yana kallon kansa, ya ƙware har ina yabo. Ranar da na juya shi ya fuskanci bango, ko daƙiƙa goma bai yi ba. Idonsa ne ya koya, ƙafar tana nan yadda take, kuma laifina ne. To, makon farko ka kalla kowane lokaci. Na biyu, sau ɗaya da madubi, sau biyu ka ba shi baya. Na uku, a ɗauke ka bidiyo da waya, amma kafin ka duba ka faɗi da bakinka: na karkace ko ban karkace ba? Sai ka kalla. In hasashenka ya fara dacewa da bidiyon, ƙafar ta soma magana. Mai taimaka maka ma ya rage surutu, ya bari ka gama kafin ya gyara.

Daga nan rufe ido, hau filo, miƙa ɗaya ƙafar gaba da baya da gefe, sannan tsalle ka dira ka tsaya cak daƙiƙa uku. Sau uku a mako, kamar mako shida.

In kumburi ya dawo, ko ƙashin na zafi in an danna, ko ka kasa yin taku huɗu, bar atisaye ka je asibiti a yi hoto, likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar atisaye, ya duba.