Darasi Na Tara: Gane Mai Firgici Ko Bai Buɗe Baki Ba

Ƴan aji, darasinmu na yau a kan firgici ne, irin wanda ke zauna ma mutum a rai bayan ya ga tashin hankali. Kowa ya san abin da ƴan bindiga suka yi ma mutanen Jibiya da Batsari da Safana da Faskari, ba mu kuma manta da Disambar 2020 ba da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Da yawan waɗanda abin ya shafa yanzu suna cikin garin Katsina gidajen dangi, wasu ma muna aji ɗaya da su, in ka ce ya gida, sai su ce lafiya lau alhamdulillahi, shi kenan. To su likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara ba sa tsayawa kan lafiya lau ɗin nan, jikin mutum suke karantawa.

Ki lura da Inna in mashin ya gifta bakin ƙofa. In kin ga ta zabura, hannu na rawa, zufa ta karyo mata alhali ba zafi ake ba, numfashi na fita sama sama, to jikinta ne ya tuna, don a kan mashina ƴan bindiga suke zuwa. Wani kuma ba ya zama sai yana fuskantar ƙofa, idonshi na kan hanyar fita. Wata ana cikin hira sai ta yi tsit, ido buɗe amma ba ta ganin kowa, sai an kira sunanta an sake kira, kuma wannan ya fi damuna wallahi don shi ne ake saurin cewa iska ce ko taurin kai. Yaro kuwa ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ya maƙale ma uwarshi, wasanshi kullum na harbi da gudu.

Amma fa a yi hattara. A wajenmu sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, amarya ko suruka da ta ƙi haɗa ido kunya ce, ba ciwo ba. Canji ake dubawa, wanda da shi ne mai raha a majalisa yanzu ya koma ƙuryar ɗaki.

In kun ga haka kar ku ce sai ya ba da labari, kar a dafa shi ta baya bai sani ba, kar a taru a kanshi. Zauna gefenshi, sassauta murya, ka ce Baba ga ruwa, nan Katsina muke, ba kowa. Addu'a da haƙuri suna da wurinsu, amma in abin ya wuce wata 1, ba barci, mugun mafarki, ba ya iya sana'arshi, a kai shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba ya nufin hauka. In kuwa ya fara maganar kashe kanshi, ranar za a tafi, kar a bar shi shi kaɗai.

Aikin gida: kowa ya rubuta alamu 3 da ya riƙe, banda sunan kowa don Allah, mu karanta su a aji mako mai zuwa.